Darasi na Tara: Tsutsar da Ke Kwana a Cikin Iri

Duk wanda ya taɓa shiga fadamar shinkafa a bakin kogin Mariga da sassafe, a tsakiyar damina, ya san yadda raɓa ke jiƙa ƙafar wando tun kafin a kai tsakiyar gona. Shinkafa ta yi kore shar, ta fara ɗaukar ciki, mai gona na tafe yana duba abin da ya shuka. A irin wannan zagaye ne wani lokaci idonsa kan faɗa kan wani abu. Tsinin ganye, can sama, ya yi fari kamar an tsoma shi a toka, tsawon gaɓar yatsa biyu ko makamancin haka, alhali sauran ganyen lafiya lau. Bayan 'yan kwanaki farin wurin ya bushe, ya murɗe, ya yage kamar tsumma. Ganyen ƙarshe, wanda ke rungume da zangarniya, shi ma ya nannaɗe, har zangarniyar ta riƙa fitowa da ƙyar.

Yawancinmu cewa za mu yi ƙasa ce ta gaji, sai a nemo rabin buhun taki a watsa. Wani ya ce zafin rana ne, wani ya ce maganin feshi ne ya yi yawa. Ba ƙarya ba ne, duk waɗannan suna iya ƙona bakin ganye. Amma idan kaka ta yi ka ga zangarniya gajeruwa, samanta duk fanko, 'yar ƙwayar da aka samu ma ƙanana kuma a karkace, sannan baɗi ka shuka irin nan a wata gona daban abin ya sake dawowa, to ruwa ba ya tsami banza. Sai a bar zargin ƙasa a koma kan iri, domin akwai ɓarawon da manomi kan ɗauko da hannunsa daga rumbu, ya kai shi gona, ya rufe shi da ƙasa, har ya yi masa addu'ar samun ruwa.

Dangin kurkunu

Masana suna kiran wannan halitta nematodi. Kalmar daga harshen Girka ta fito, tana nufin abu mai kama da zare, don haka a nan za mu ce mata tsutsar zare. Kada ku haɗa ta da tsutsar da ke cin ganyen masara ko wadda ke huda karan dawa. Waɗancan 'ya'yan ƙwari ne, suna da ƙafafu, ana ganinsu, kuma wata rana za su yi fiffike su tashi. Tsutsar zare ba ƙafa, ba fiffike, tun daga ƙyanƙyasa har mutuwa tsutsa ce. Yawancin waɗanda ke cin tsiro ƙanana ne ƙwarai, kuma jikinsu garai yake kamar ruwa, shi ya sa ido ba ya kama su sai da madubin ƙara girma.

Dattawan cikinku sun san babbar yayarta. Kurkunu tsutsar zare ce. A 1988, da aka bi ƙauyukan Nijeriya ana ƙidaya, an sami mutum sama da 650,000 masu kurkunu, kuma da yawansu manoma ne da ciwon ya kwantar daidai lokacin noma. Aka dage da tace ruwan sha da gina rijiyoyi, har a 2013 Hukumar Lafiya ta Duniya ta shaida cewa ƙasar nan ta rabu da shi. Tsutsar ciki da yara ke fitarwa ita ma danginsu ɗaya, haka wadda ke kawo tundurmi. Na kawo zancen kurkunu da gangan. Ba allura ce ta kore shi ba, ba ƙwaya ba. An gano hanyar da yake bi ne, aka toshe ta da ƙyallen tace ruwa. Ku riƙe wannan, za mu dawo gare shi.

A cikin ƙasa cikin tafin hannu ɗaya daga gona mai taki akwai tsutsar zare ɗaruruwa, wani lokaci dubbai. Mafi yawansu ba ruwansu da shuka, ƙwayoyin halitta ƙanana suke ci, suna ma taimakawa wajen ruɓar da taki. Masu ɓarnar an bambanta su da abu ɗaya: a bakinsu akwai wani ɗan tsinke mai rami kamar allurar asibiti. Da shi suke huda jikin tsiro, su zuba masa yawu, su tsotse abin da ke ciki. Yawun nan shi ne masifar, domin yakan sa naman tsiron ya kumbura ko ya girma a karkace. Galibinsu a saiwa suke tsayawa. Kaɗan ne suka iya hawa sama har su kai ga fure da ƙwaya, kuma su ne abin maganarmu.

Mai yiwuwa wani ya ce, "Malam, hatsi da ciyawa har fure gare su?" Ƙwarai kuwa. Bununin da kuke gani a kan gero, da wanda iska ke kaɗawa daga kan masara ya sauka a gemunta, aikin fure ne. Gero da dawa da masara da shinkafa da alkama da acca duk dangin ciyawa ne, 'yan uwan gamba da kyasuwa. Zangarniya tarin ƙananan furanni ce, kowane ɗaya idan ya samu bununi sai ya zama ƙwaya. Abin da ya taɓa furen ya taɓa tuwo.

Ƙwayar alkama da ta motsa

A shekarar 1743, a Ingila, wani limamin coci mai sha'awar binciken halittu, John Needham, ya samu wasu ƙwayoyin alkama da suka lalace. Sun yi baƙi, sun ƙanƙance, sun yi tauri kamar masoro. Ya fasa ɗaya, maimakon gari sai ya ga wani farin abu kamar audugar da aka dunƙule. Ya ɗiga masa ruwa, ya sa a ƙarƙashin madubi. Can sai zarurrukan suka fara motsi. Wannan ce tsutsar zare mai cin tsiro ta farko da ɗan Adam ya gani ya rubuta labarinta, kuma yau ana kiranta Anguina tritici.

Ya kamata mu bi rayuwarta a hankali, don wanda ya fahimci tata ya fahimci ta sauran. Baƙin ƙullutun nan yana shiga buhu tare da alkama mai kyau, a shuka su tare. Da ƙasa ta jiƙe sai ya yi laushi, 'ya'yan tsutsar da ke ciki, dubbai a ƙullutu ɗaya, su farka su fito. Ba sa iya tafiya a busasshen wuri. Ɗan danshin da ke jikin tsiro, na raɓa ko na ban ruwa, shi ne hanyarsu. Sukan bi shi su shige tsakanin ganyayen da ba su buɗe ba, su zauna a zuciyar tsiron. Yana girma yana ɗaga su sama, suna tsotsarsa, shi ya sa ganyen kan fito a murɗe. Ranar da zangarniya ta fara haɗuwa a cikin kara, tun tana ƙarama ba a ganinta, sai su shige cikin furannin. A nan suke balaga, mace da namiji su haɗu, a zuba ƙwai. Furen da ya kamata ya zama ƙwayar alkama sai ya zama ɗakin renon tsutsa. Iyayen su mutu, 'ya'yan su ƙyanƙyashe, alkama ta bushe su ma su bushe tare da ita.

Bushewar nan ba mutuwa ba ce, barci ne. An ajiye irin waɗannan ƙullutai a busasshen wuri sama da shekara 30, aka jiƙa su, tsutsar ta tashi. Ikon Allah ke nan. Amma a ƙasa mai danshi, idan ta farka ba ta tarar da alkama ko danginta na kusa ba, yunwa ce ke kashe ta. Rumbu ke raya ta, gonar da aka canza wa shuka ke halaka ta.

A Indiya wannan tsutsa kan ɗauko wata ƙwayar bakteriya a jikinta ta kai ta zangarniya, sai kan alkamar ya lulluɓe da wani rawayan abu mai yauƙi, ba ƙwaya ko ɗaya. Manoman can suna kiran ciwon tundu. A Turai da Amurka kuwa, inda a da ta yi ɓarna sosai, yau da wuya a gan ta. Abin da ya kore ta shi ne tsabtace iri: rairaya, da injin da ke ware ƙwaya mai nauyi daga marar nauyi, da ruwan gishiri, da sauya shuka. Mu a nan ba manoman alkama ba ne sosai, amma 'yan uwanmu na Kadawa da Haɗeja da ke noman ta da rani, kuma sau da yawa irinsu daga nesa yake zuwa, ya kamata su san kamannin baƙin ƙullutun nan.

Ta shinkafa

Wadda ta fi kusa da mu ita ce mai sa farin tsinin ganye da muka fara da shi. Sunanta Aphelenchoides besseyi. A Japan aka fara lura da ciwon, a 1915, kuma yau yana kusan duk inda ake noman shinkafa, har da Afirka ta Yamma da Nijeriya.

Ita ba ta mai da ƙwaya ƙullutu. Dabararta ta fi haka ɓoyuwa. Tana shiga furen kafin ya buɗe, ta ci abin da za ta ci, ta hayayyafa. Da zafi da danshi, cikin kamar kwana 10 ƙwai ya zama uwa, don haka a damina ɗaya sai a yi zuriya bayan zuriya. Idan shinkafa ta fara bushewa sai ta naɗe jikinta a ƙarƙashin ɓuntu, tsakaninsa da tsabar, ta yi barci. Ka ɗebi shanshera a hannu, ka juya ta, ka ciza, ba abin da za ka gani. Mun saba cewa ido ba mudu ba ne amma ya san kima, to a nan ido bai san komai ba. A cikin buhu takan kai shekara 2 zuwa 3 da rai. Ƙwayar da ta zube a gona kuwa, tsutsar da ke cikinta 'yan watanni kawai take yi.

Abu biyu suka sa take wahalar ganewa. Na farko, ba kowane irin shinkafa ke nuna farin ganye ba. Wani irin yana ɗauke da ita, ganyensa kore, amma buhun da ake samu yana raguwa. Na biyu, ƙarancin wasu sinadarai a ƙasa yana kawo alama mai kama da tata. A ƙasashen da aka auna, asarar takan zama kaɗan a irin da ke jurewa, ta kai kusan rabin amfani a irin da ba ya jurewa. Inda ta fi samun sake shi ne wurin renon iri kafin dashe, domin tsiro na cunkushe, ruwa na gudana daga wannan zuwa wancan. Iri mudu ɗaya mai ciwo da aka cuɗa da mai kyau ya isa ya shafa wa duka.

Abin da aka gano a Samaru

Kada ku ɗauka duk wannan ilimi daga ƙetare ya zo. A 1977, masu bincike a Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru, ta Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya, sun bayyana wata tsutsar zare da duniya ba ta san da ita ba. Wani masani mai suna W. S. Bos ne ya yi bayaninta, aka raɗa mata Aphelenchoides arachidis, wato ta gyaɗa. A cikin jar fatar nan da ke jikin ƙwayar gyaɗa take zama, wadda mata ke murjewa su fece bayan suya. Gyaɗar da ta kama takan yi ƙanana, ta yamutse, fatarta ta dusashe, jijiyoyinta su yi duhu, kuma idan an shuka ba duka ke tsira ba. Gyaɗa ba ciyawa ba ce, amma an sami wannan tsutsa har a saiwar masara da dawa da gero da shinkafa da rake da ciyawar daji.

Abin da ya fi burge ni a binciken nan shi ne, sun ga cewa shanya gyaɗa da ɓawonta a rana, ta bushe ƙarau kamar yadda ake yi a ƙasarmu da kaka, yana rage tsutsar ƙwarai. Ashe kakanninmu da ke hana a tura gyaɗa rumbu da sauran danshi suna maganin abin da ba su taɓa gani ba. Sun kuma ga cewa jiƙa iri a ruwan sanyi na minti 15, sannan a ruwa mai zafin digiri 60 na minti 5, yana kashe ta.

Ciyawar daji da dabbobi

Mu mutanen Birnin Gwari a bakin daji muke zaune. Dajin Kamuku, wanda aka keɓe tun 1936 kuma ya zama gandun daji na ƙasa a 1999, faɗinsa ya haura murabba'in kilomita 1,100, ga shi ya haɗe da dajin Kuyambana ta ɓangaren Zamfara. Ƙarƙashin doka da maje da kaɗanya ciyawa ce iya ganinka, gamba har ta shanye mutum. Da ita muke jinka da zana, ita dabbobinmu ke ci a dazuzzukan kewaye, kuma irinta iska ke kawowa bakin gonakinmu.

Ciyawar daji ma tana da nata masu shiga fure. A Malawi an sami wata a kan dangin ciyawar da muke jinka da ita, tana sa kan ciyawar ya cure wuri ɗaya kamar tsintsiya maimakon ya baje. A Afirka ta Kudu an sami wata a cikin ƙwayar 'yar uwar burburwa, da wata kuma a jikin ciyawar da ke riƙe tudun rairayi a bakin teku. A gaɓar tekun Kalifoniya ta Amurka, inda hazo mai danshi ke sauka kusan kullum, akwai wadda ke kumbura gindin ciyawar filayen wasa. Duk inda ka duba, abu ɗaya ne ke ba su hanya, wato jikin tsiro ya daɗe a jiƙe.

Labarin da ya fi tayar da hankali na Ostareliya ne. Suna da wata ciyawar kiwo ta ƙasashen sanyi, rayigiras. A 1956, a kudancin ƙasar, tumaki suka fara tangaɗi a makiyaya, suna faɗuwa, suna shure-shure, suna mutuwa. A 1968 abin ya ɓulla a yammacin ƙasar. Da aka bi diddigi sai aka tarar tsutsar zare ce ke shiga furen ciyawar, ɗauke da wata bakteriya, kuma bakteriyar ce ke yin dafi a cikin ƙullutun yayin da ciyawa ke bushewa. Dafin ba ya fita ko an yanke ciyawar an ɗaure ta dami. Maganin da suka samo shi ne a cinye ciyawar da dabbobi ko a yanke ta kafin kanta ya nuna, sannan a riƙa gwada kan ciyawa kafin a saki garke.

Wannan ciyawa ba ta cikin ciyayin dajinmu, don haka ba ina cewa duk saniyar da ta yi tangaɗi wannan ne ya kama ta ba. Irin wannan sai likitan dabbobi. Abin da nake so makiyayi da mai yankan ciyawar sayarwa su ɗauka shi ne ɗabi'ar duba kan ciyawa, ba ganye kaɗai ba. Kan da ya yi yauƙi, ko ya yi baƙi, ko ya fito da wasu ƙwayoyi masu tauri da ba irin nasa ba, a ware shi, kada ya shiga damin da za a ajiye wa dabba.

Ba kowane baƙi ne aikin tsutsa ba

Ƙaramin sani ƙuƙumi ne. Ba na so ku fita daga ajin nan kuna ɗora wa tsutsar zare laifin kowace zangarniya da ta lalace. Burtuntuna da ke mai da ƙwayar dawa baƙin gari ba tsutsa ba ce, dangin fumfuna ce. Murje ta a yatsa za ka ga ƙura baƙa kamar kunkunniya. Ƙullutun tsutsa kuwa da tauri yake, cikinsa fari. Kan gero da ya koma ganye-ganye kamar gashin da ba a taje ba, shi ma wani ciwo ne daban, da ke zaune a ƙasa da jikin iri. Haka wanda ke sa zangarniyar gero ta riƙa ɗigar da ruwa mai danƙo kamar zuma, daga baya ta fito da ƙwayoyi masu duhu da tauri. Waɗannan ƙwayoyin suna da guba, kada a niƙa su cikin gari. Hodar da ake cuɗa iri da ita kafin shuka tana maganin burtuntuna da wasu ƙwari, amma ba don tsutsar da ke kwance ƙarƙashin ɓuntu aka yi ta ba.

Masu lambu kuma sun san wata tsutsar zaren ko da ba su san sunanta ba. Tumatir ko kuɓewa ya riƙa yaushi da rana alhali an ba shi ruwa, ka tuge shi ka ga saiwar duk ƙulle-ƙulle kamar carbi. Kada a rikita su da 'yan ƙullutan da ke saiwar wake da gyaɗa da waken suya. Waɗancan alheri ne, su ke ƙara wa ƙasa ƙarfi. A gefen saiwa suke maƙale, da ka murza sai su faɗo, cikinsu ja-ja. Na tsutsa saiwar ce da kanta ta kumbura, ba ya ɓallewa.

Iri bayan shekarun gudu

Ba sai na faɗa muku abin da yankin nan ya gani na rashin tsaro ba. Shekara da shekaru gonaki da yawa a Kuyello da Randagi da Dogon Dawa da Kakangi ba a iya zuwa, ƙauyuka sun watse, rumbuna sun ƙone ko an kwashe su. A ƙarshen Nuwamba na 2024 gwamna Uba Sani ya zo Birnin Gwari aka sake buɗe kasuwar kara da ta daɗe a rufe, mutane suka fara komawa gona. Cikin asarar da ba a cika lissafawa ba akwai iri. A da kowane gida na da nasa, wanda uba ya zaɓa zangarniya-zangarniya ya rataye. Yanzu mutum da yawa a kasuwa suke auno shanshera, ba su san gonar da ta fito ba, ba su ga ganyenta ba lokacin da take tsaye.

Gonar da ta yi shekara uku ko huɗu ba a shuka mata shinkafa ba, yunwa ta riga ta yi aiki a kan tsutsar da ke cikinta. Abin baƙin ciki ne a ce mun jure duk abin da muka jure, sannan mu mayar da ciwon gona a cikin mudun iri. Nan ne zancen kurkunu ya dawo: a toshe hanya.

Wanda ke da hali ya sayi iri mai takardar shaidar hukumar kula da ingancin iri ta ƙasa, daga dillalin da aka sani. Wanda zai ajiye nasa, tun ran gini ran zane. Ya zagaya gonarsa tun shinkafa na da ciki, ya kafa kara a ɓangaren da ba farin ganye, ya yanki irinsa daga nan, ya casa shi daban, ya shanya shi ya bushe sosai.

Kafin shuka a yi wanka biyu. Na farko na gishiri. A zuba gishiri a bokitin ruwa ana motsawa, har ɗanyen ƙwai ya taso kansa ya leƙo. A cire ƙwan, a zuba iri, a motsa. Fanko da rabin ciki da ƙullutai za su taso, a kwashe su a ƙone, kada a zubar a bakin gona. Wanda ya nutse a ɗauraye shi da ruwa mai kyau sau uku, domin gishiri na hana tsiro. Ga alkama ma'aunin shi ne gishiri kilo 2 a ruwa lita 10. Wannan wanka yana rage tsutsar shinkafa, amma ba ya gamawa da ita, tunda tana kwana har a cikin ƙwaya mai nauyi.

Na biyu shi ne na ruwan zafi, kuma shi ke kashewa. A jiƙa iri a ruwan sanyi awa 3, tsutsar ta fara farkawa, don mai barci ta fi jure zafi. A ɗaure shi sako-sako a buhun da ruwa ke ratsawa, a tsoma a ruwa mai zafin digiri 52 zuwa 57, a riƙe shi a haka minti 15 ana jujjuyawa. A fitar, a tsoma a ruwan sanyi, a baza a inuwa. Ina roƙonku, kada a yi wannan da gwajin yatsa. Iyayenmu mata masu turara shinkafa sun san cewa shansherar da ta sha wuta ba ta tsira har abada. Tsakanin zafin da ke kashe tsutsa da wanda ke kashe iri tazara kaɗan ce. Ma'aunin zafi ake buƙata, irin wanda ke kai digiri 100, ba na duba zazzaɓi ba. Guda ɗaya ya ishi ƙungiyar manoma, kuma karon farko a yi shi gaban malamin gona. Ɓuntun shinkafar da ba a turara ba, da tattakarta, a nisanta su daga wurin renon iri.

Aikin wannan mako

Gani ya kori ji. Kowa ya zo da shanshera cikin tafin hannu daga irin da yake niyyar shukawa bana, a ƙulle a takarda, da sunan inda ya samo ta a rubuce da hannunsa. Za mu raba kowace gida uku. Kashi na farko za mu zuba a ruwan gishiri, kowa ya ƙirga ƙwaya nawa ta taso cikin 100, ya rubuta adadin a littafinsa. Kashi na biyu za mu ɓare ɓuntun da farce, mu jiƙa ɓuntu da tsaba a ɗan ruwa cikin kofin gilashi ya kwana, washegari mu kai ruwan makarantar sakandare ko wurin malamin gona a ɗiga shi ƙarƙashin madubi. Kashi na uku za mu yi masa wankan ruwan zafi, mu jera ƙwaya 100 a jiƙaƙƙen buhu, mu jera wasu 100 da ba a wanke ba a gefensu, mu riƙa yayyafa ruwa. Ranar bakwai kowa ya ƙirga waɗanda suka tsira a kowane ɓangare. Masu lambu su tugo tumatir ɗaya mai yaushi da wake ɗaya mai lafiya, da saiwarsu da ƙasarsu, a zo da su a leda daban-daban.